Waƙar da Ta Ƙare Muna Bakin Ƙofa

Shekarar da aka ɗora mini koyar da waƙa a zumuntar matan cocinmu da ke Sabon Tasha, na karɓi aikin hannu bibbiyu, don dama na daɗe ina cika ina batsewa. Ni malamar firamare ce, a unguwar Television nake koyarwa, kuma duk wadda ta shekara goma tana fama da 'yan aji uku gani take babu taron da zai gagare ta. Ga agogo a hannu, ga gajen haƙuri. Tun daren farko maigidana ya ce mini, "Ki bi a hankali fa, waɗannan ba ɗalibanki ba ne." Na ce masa ai ɗalibaina sun fi su jin magana.

Kuma ban yi musu ƙazafi ba. Koyon waƙarmu ranar Alhamis ne, ƙarfe huɗu a baki, biyar da rabi a zahiri. Duk wadda ta shigo sai ta bi kowa da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ina gajiya, ya yara, ya maigida, ya ƙafar nan taki, an ji labarin mutanen gida? Kafin a gama wannan, wata ta kwance ƙullin daddawa, wata ta fito da cittar da aka aiko mata daga ƙauye, an shiga tayi. In an samu an fara waƙar, sai a ɗauko ta daga farko har ƙarshe sau uku, a yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya sau uku, a ce an gode wa Allah. Addu'ar rufewa kuwa takan fi waƙar tsawo.

Na sauya abubuwa da yawa, kuma ba zan yi ƙaryar tawali'u ba, akasarinsu sun yi amfani. Na ce a daina rera waƙa gaba ɗaya, a riƙa yanko wurin da ke ba mu wahala, a yi ta maimaita shi shi kaɗai har ya zauna. Na raba masu siririyar murya da masu kauri, kowane ɓangare ya san abin da ke kansa. Na ware minti goma na farko na ce na gaisuwa ne da ciniki, a gaisa a ƙoshi, amma da na buga kuge an rufe kasuwa. Wadda ta makara ba a yi mata faɗa, sai dai ta shiga tsakiya ta yi rawa ita kaɗai mu tafa mata. Wannan dokar ce kaɗai ta ci ni, domin akwai mata biyu da suka koma makara da gangan. Muka riƙa kawo zoɓo da gyaɗa bi da bi. Cikin wata biyu mata suka fara zuwa da wuri, ana dariya, ana kuma koyon waƙa da gaske.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya, shi ne tulu. Wanda bai taɓa shiga cocinmu ba zai ɗauka tulun ruwa nake nufi, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Tulun ƙasa ne babba, ana dukan bakinsa da soso mai kauri da aka ɗinke cikin tsumma, yana ba da wani sauti mai zurfi da ake ji har cikin ƙirji. Ganga da caki da kuge duk ado ne, tulu shi ne ke riƙe da waƙa. In ya yi sauri kowa ya yi sauri, in ya ja kowa ya ja. Namu kuwa ja yake yi. Mai kaɗa shi kuma ba kowa ba ce illa Mama, uwar mijina.

Mama ta fi shekara talatin a kan tulun nan, tun kafin in san hanyar Kaduna. Da Baba, mijinta, ya rasu ta dawo gidanmu, ɗakin da ke kusa da ƙofa, kuma tun daga lokacin ta rufe kanta. Ta daina zuwa kasuwa, ta daina ziyara, biki ma sai dai ta ba da saƙo. Banda Lahadi, Alhamis ce kaɗai ke fitar da ita. Tun azahar za ta yi wanka, ta shafa mai, ta goge tulunta, ta rungume shi a cinya cikin keke ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba. Ranar ce kaɗai nake jin dariyarta. Na san wannan sarai, ba wanda ya fi ni sani, tunda ni ke zama kusa da ita a cikin keken.

To amma ga kunnena yana ƙaiƙayi. Ina tafa hannu ina jan waƙa gaba, Mama tana nan a bayanta tana bugawa a natse kamar ba da ita ake ba. In na ƙara ƙarfin tafi, sai ta dube ni ta yi murmushi, ta ci gaba da abinta. Ina ni ina gyara wa uwar miji a bainar jama'a? Ko a gida ban ga ta inda zan fara ba. Na gwada zagaye-zagaye, na ce, "Iyayena, mu ɗan ƙara wuta mana." Kowa ya ce to, har da Mama, aka koma gidan jiya.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da mutum ke yaba wa kansa a kanta kafin ta kai shi ta baro. Wata Alhamis na ajiye wayata a kan benci na ɗauki waƙar shigarmu, wadda za mu yi ranar Lahadin mata, sannan na haɗa wayar da 'yar lasifika na ce, "Bari mu ji kanmu, ai mai waƙa ba ya jin muryarsa." Ɗaukar murya hanya ce mai kyau ta gyara, har gobe ina amfani da ita. Amma ranar ba don gyara na yi ba. So nake waya ta faɗi abin da bakina ya kasa faɗa, kuma na san haka tun kafin in danna.

Ta kuwa faɗa. Ga tafina a gaba, ga muryoyi suna bin tafin, ga tulu can baya yana tahowa kamar tifa ɗauke da yashi a kan hawa. Wata ta ƙyalƙyale da dariya. Wata ta ce, "Kai, wa ke jan mu baya haka?" Sai da maganar ta fita ta tuna, ta kama bakinta. 

Mama ta saurara har ƙarshe. Ta ajiye soson a kan bakin tulu, ta goge hannunta da gefen zani, ta ce, "Malama, na ji. Waya ba ta ƙarya." Da aka tashi ba ta ɗauki tulun ba, ta bar shi a kusurwa bayan benci. Muka hau keke cinyarta babu komai, ta yi ta kallon titi har gida.

Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Na kai mata tuwo ta ce an gode, na gaishe ta ta amsa da kyau, har da tambayar ya makaranta. Alhamis ta zagayo na leƙa ɗakinta, na tarar tana ɓarar agushi a faranti, ko wanka ba ta yi ba. Na ce, "Mama, lokaci ya yi." Ta ce, "A sauka lafiya." Maigidana ya dube ni kawai ya girgiza kai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan a duniya. Na gaya wa kaina cewa fushin kwana biyu ne, zai wuce.

Tulu ya koma hannun Maman 'yan biyu, wata mai kitso da ke bayan kasuwa, mace mai ƙarfin damtse da saurin hannu. Abin da na tafa shi take bugawa. Waƙar shigarmu mai baiti biyar ta miƙe ta yi kyau, tana tafiya kamar ruwa. Na kuma ƙirƙiro mata wani rufi na burgewa: a kalmar ƙarshe kowa ya tsaya cak, kiɗa ya ɗauke, hannu a sama, ba mai ko tari. Wannan rufin mun maimaita shi ya fi sau hamsin, har ya zama ko daga barci aka tashe su za su yi shi daidai. Duk wannan muna zaune a kan benci muke yi, kamar yadda aka saba, tunda kowa ta gaji daga aiki ko kasuwa.

Ranar Lahadin mata muka sha anko, zani iri ɗaya, farar riga, ɗauri ya tashi. A al'adarmu masu kiɗa suna zama a gaba tun farko, sauran mata kuma su yi layi biyu a waje su shigo da rawa, taku biyu gaba, ɗaya baya, 'yan matasa a gaba, iyaye a baya, uwar zumunta, wato shugabarmu, ita ce ta ƙarshe. Mu kusan hamsin ne. Na tsaya kusa da masu kiɗa na ɗaga hannu, Maman 'yan biyu ta saki tulu.

Baiti na farko lafiya lau. A na biyu na lura layi ya fara tsinkewa a tsakiya. Matasan gaba sun taho a guje suna juyi, na tsakiya suna haki, iyaye kuwa sun yi ƙoƙarin kama kiɗan da ƙafa sun ga ba hali, sun koma takunsu na kullum. Wata mai tsohon ciki ta dafa benci tana hutawa, na bayanta suka taru a kanta. Ni kuma ina ta kaɗa hannu, waƙa tana gudu, baiti na huɗu, na biyar, sai ga rufi. Matan nan kuwa suka yi abin da na koya musu ba kuskure ko ɗaya. Suka tsaya cak, hannu a sama, kiɗa ya ɗauke.

Kusan mata goma sha biyar suna waje. Uwar zumunta tana can ƙarƙashin mangwaro, hannunta a sama, ita da rana.

Da a da ne, da wata ta sake ɗauko amshi an lallaɓa an shigo ba wanda ya lura. Amma na hore su a kan cewa bayan rufi ba mai motsi, suka kuwa ƙi motsi. Da shirun ya yi yawa wata ta yi ƙarfin hali ta ɗauko waƙar daga farko da murya can sama inda ba mai iya kaiwa, wata kuma daga waje ta ɗauko wata waƙar dabam. Duka biyun suka mutu a hanya. Sai fasto ya matso kusa da makirufo ya ce, "Bari mu jira iyayenmu su ƙaraso." Haka suka shigo ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ake ji sai ƙarar takalma da tarin da ya kama ɓangaren maza gaba ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na saci kallon Mama, tana zaune cikin jama'a da kayan gida, ta kafa wa littafin waƙoƙinta ido kamar yau ta fara ganinsa.

Bayan an tashi uwar zumunta ta kira ni gefe tana fifita da gefen gyale. Na shirya shan faɗa, sai ta ce, "Malama, waƙar nan, sau nawa muka koye ta a tsaye?"

Na ce, "Ko sau ɗaya, Mama."

"To. Saura mako uku babban taron zumunta a Television, kuma cocin can ya ninka namu tsawo. Abeg, kada ki sa in kwana a waje. Je ki gida, maganin yana gidanki."

Da yamma na shiga ɗakin Mama na durƙusa. Ban yi wani dogon bayani ba, na ce na yi laifi, na san abin da nake yi ranar da na kunna wayar nan, ta yafe mini. Ta bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, kuma na cancanta. Sannan ta ce, "Tashi ki zauna, gwiwar malamai ba ta da ƙwari."

Ta ce, "Ke da kike tafa hannu, me kike kallo?"

Na ce, "Bakinsu, Mama. Da agogo."

"Ni ƙafa nake kallo. Ba ƙafar 'yan gaba ba, waɗannan ko gwangwani aka buga musu za su yi rawa. Ta baya nake nema, mai ciwon gwiwa, mai ciki, mai goyo. Wadda ta fi kowa nauyin ƙafa ranar, ita nake yi wa kiɗa. In ta iso gaba, waƙa ta ƙare. Ko muna zaune a benci hannuna tafiyar nan yake yi, ya saba."

Kunya ta rufe ni. Shekara da shekaru ina cikin layin nan ina shigowa daidai, ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi waƙa ke ƙarewa daidai da isowar ta ƙarshe ba. Na ɗauka haka waƙar take. Na ce, "Mama, don girman Allah ki dawo ki karɓi tulunki."

Ta ce, "A'a."

Na fara magiya, ta ɗaga mini hannu. "Ba dariyarsu ce ta kore ni ba, na sha dariyar da ta fi wannan. A cikin wayar taki na ji wani abu da ku ba ku ji ba. A baiti na uku hannuna ya tsallake bugu biyu." Ta miƙo mini hannun damanta. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, ta gwada dunƙule su suka tsaya a rabi. "Shekara guda ke nan ina ɓoye shi. Ina ce wa kaina ba a ji. Ranar na ji da kunnena."

Wannan ya fi mini ciwo fiye da abin da ya faru a coci. Gida ɗaya muke, ni ke zuba mata abinci, ban taɓa duban hannunta ba. Na yi kuka, ita kuma ta ce in daina, kada in jiƙa mata agushi. Na ce to ko koyarwa ce ta zo ta yi wa Maman 'yan biyu. Ta ce abin ba a baki yake ba, ba ta san yadda ake faɗarsa ba. Na fita daga ɗakin ina ganin na rushe abin da ba zan iya ginawa ba.

Ranar Talata na dawo daga makaranta na tarar da ita a tsakar gida da mayafi. Ta ce, "Cocin nan na Television, kin san tsawonsa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Malamar da ba ta auna ba. Mu je." Muka hau keke muka tafi. Mai gadi ya buɗe mana, ba kowa a ciki sai wata mai shara. Mama ta sa ni na tsaya a bakin ƙofa, ta ce in taka taku biyu gaba ɗaya baya ina rera waƙar, ita tana biye da ni tana cewa, "A hankali, ba kasuwa za ki ba." Baiti biyar suka ƙare saura kusan benci takwas. Ta yi lissafinta a ka, ta ce a maimaita amshi sau biyu bayan baiti na uku da na huɗu, zai kai. Mai sharar ta jingina da tsintsiyarta tana kallonmu, daga ƙarshe ta yi mana sannu da aiki da broka, ta ce, "Mama, una well done o."

Alhamis Mama ta zo koyon waƙa. Mata suka tashi da guɗa, Maman 'yan biyu ta yi wuf ta miƙe daga kan tulu. Mama ta ce, "Zauna, naki ne." Ta sa aka ture bencina gefe, ta kore mu duka waje, muka yi layi tun daga bakin titi don tsawon ya yi daidai da na can. Ita kuma ta je ta tsaya a can ƙarshe, gaban uwar zumunta. Ta ɗaga murya ta ce wa Maman 'yan biyu, "'Yata, kada ki kalli Malama. Ƙafata za ki kalla. In na taka ki buga."

Ban taɓa jin daɗin koyon waƙa irin na makonnin nan ba. Mun daina zama gaba ɗaya. A shiga, a fito, a sake layi, a sha zoɓo, a sake shiga. Masu keke suna rage gudu suna leƙe, mai gasa masara a bakin titi ta haddace amshin tana taya mu. Da farko hannun Maman 'yan biyu yana ta ƙwacewa, Mama sai ta tsaya cak a tsakiyar fili ta riƙe ƙugu har sai kiɗan ya dawo ya same ta. Wani abin mamaki, da muka rage gudu sai muryoyin suka buɗe, numfashi ya isa, kalmomi suka fito. Rufina ma ba a yar da shi ba, Mama ta ce yana da kyau, a dai bari kowa ya iso tukuna. Ni kuma aikina ya koma tsayawa a gefe ina ba masu siririyar murya hannu, ba mai neman tafina.

Ranar babban taro cocin ya cika har waje, zumunta-zumunta daga ko'ina, kowace da ankonta. Da aka kira mu, na je na tsaya kusa da masu kiɗa. Maman 'yan biyu ta miƙa wuya tana hango ƙofa, ta fara bugawa a natse. Layi ya taho a haɗe, ba inda ya tsinke. Baiti na uku, amshi biyu. Na huɗu, amshi biyu. Can na hango Mama ta shigo, zaninta na anko da ya kwana biyu a akwati, tana taku biyu gaba ɗaya baya, kafaɗa tana motsi, fuska a sake. A kalmar ƙarshe ta baiti na biyar ƙafarta ta sauka a gaban bencin farko, uwar zumunta a bayanta. Hannuwa suka tashi sama, kiɗa ya ɗauke, sannan cocin ya ɓarke da guɗa.

Mama ta zauna kusa da ni tana haki, gumi yana bin wuyanta. Na miƙa mata ruwa, ta sha, ta jingino ta ce mini a kunne, "Shekara talatin ina shigo da mutane, ni ban taɓa shigowa da rawa ba. Ashe haka abin yake da daɗi, kuka yi shiru ba ku gaya mini ba?"

Na yi dariya hawaye na zuba, ban ma damu da hodar da na shafa ba. Alhamis ɗin da ta biyo baya ina cikin neman ɗankwalina na jiyo muryarta daga bakin titi, ta riga ta tsayar da keke, tana ce wa maigidana ya gaya wa matarsa ta yi sauri.